Bayan jinin gyambon ciki ya tsaya

A lokacin girbi manomi a Gwiwa ko Roni kan wuni a sunkuye, da daddare kuma baya da gwiwoyi su ɗauki ciwo. Mafita mafi kusa ita ce kemis na bakin kasuwa, inda ake haɗa masa ƙwayoyi a leda: diclofenac, ibuprofen, wani lokaci har da piroxicam. Ya sha ba tare da ya ci komai ba, ya ji sauƙi, gobe ya sake. Bayan 'yan makonni sai bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, a garzaya da shi babban asibitin Kazaure ko na Babura. A ƙara masa jini, a yi masa allurar omeprazole, jinin ya tsaya, a sallame shi, iyali su yi hamdala. Sai dai daga ranar sallama ne sauran haɗarin yake farawa, domin gyambon da ya taɓa zubar da jini yana iya komawa, kuma zuba ta biyu kan riski jikin da bai gama farfaɗowa ba.

Dalilin da ya sa maganin rage tsamin ciki yake da muhimmanci a nan ba shi da wuyar ganewa. Idan jijiya ta fashe a cikin gyambo, jiki kan toshe ta da gudan jini, kamar yadda ɓawo ke rufe ciwo a fata. Amma ciki cike yake da ruwa mai tsami da sinadarin pepsin, waɗanda aikinsu narkar da nama ne, ba sa bambance tsokar da aka ci da gudan jinin da ke riƙe da rai. Gudan ba ya kafuwa sosai sai tsamin ya ragu, ma'aunin pH ya kai kimanin 6. Madara, kanwa da farin ruwan maganin olsa suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba sa kai ciki wannan matsayi. Cimetidine, wanda ya fito a 1976, da danginsa suna rage tsami, sai dai ƙarfinsu kan ragu cikin 'yan kwanaki. Omeprazole, wanda ya shiga kasuwa a 1988, da ire-irensa kamar esomeprazole da pantoprazole, su ne ke rufe famfon da ke fitar da tsamin tun daga tushe.

Hujjojin suna da ƙarfi. A 1997 likitoci a Srinagar ta yankin Kashmir suka buga binciken marasa lafiya 220 da ba a yi wa aikin tsayar da jini da na'urar leƙen ciki ba. Cikin waɗanda suka sha omeprazole ta baki, kimanin kashi 11 cikin 100 ne jinin ya ci gaba ko ya dawo. Cikin waɗanda ba su sha ba, kashi 36. A 2000 wani bincike a Hong Kong ya nuna cewa ko bayan an tsayar da jinin da na'ura, allurar omeprazole ta awa 72 ta rage dawowarsa daga kashi 22.5 zuwa 6.7. Binciken Kashmir ya fi kama da halin ƙauyukan masarautar Kazaure, inda neman na'urar leƙen ciki kan nufi tafiya Kano, zuwa asibitoci irin su na koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuɗin mota da na kwana.

To ina matsalar take, tunda omeprazole yana nan a kowane kemis, kuma ba shi da tsada? Tana cikin yadda ake shan sa. Mai ƙwannafi ya sha ƙwaya biyu ya bari. Wanda ya yi aman jini ma ya yi haka, domin a idon jama'a duk olsa ɗaya ce. Alhali gyambo na bukatar makonni huɗu zuwa takwas na shan magani kullum, kafin cin abinci, kafin ya rufe. Ciwo kan tafi tun a makon farko, kuma tafiyarsa ita ce ke yaudarar mutane.

Abu na biyu shi ne sanadin. Yawancin gyambon ciki daga abu biyu yake: magungunan kashe ciwo irin waɗanda aka ambata, har da asfirin da ke cikin garin Alabukun, da kuma ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, aka ba su lambar Nobel a 2005. Cutar ta yaɗu ƙwarai a Nijeriya, ana kamuwa da ita tun ƙuruciya. Omeprazole shi kaɗai ba ya kashe ta. Sai an haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kimanin kwana 14, sannan a sake gwaji don tabbatarwa. Wanda aka kawar masa da ita, ya kuma daina diclofenac, da wuya jinin ya dawo, kuma sau da yawa ba ya bukatar omeprazole har abada. Wanda kuwa dole ne ya ci gaba da asfirin saboda ciwon zuciya ko shanyewar jiki, shi ne ya kamata ya daɗe a kan maganin rage tsami. Wani bincike na Hong Kong a 2005 ya samu cewa cikin masu shan asfirin tare da esomeprazole, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne suka sake zubar da jini cikin shekara.

Akwai masu cewa tunda maganin yana aiki haka, a bai wa duk mai aman jini a huta da ɗawainiyar Kano. Wannan kuskure ne mai tsada. Ba kowane aman jini ne daga gyambo ba. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, jinin kan fito daga kumburarrun jijiyoyin maƙoshi, waɗanda omeprazole ba ya yi wa komai. Yana kuma iya lulluɓe alamun kansar ciki har lokaci ya ƙure. Dattijon da ke ramewa, ko abinci ke tsaya masa, ko jinin ya dawo masa, a leƙa cikinsa ko da tafiyar ta yi nisa.

Abin da ake bukata daga hukumomin lafiya na Jigawa bai wuce ƙarfinsu ba. Kada a sallami wanda ya zubar da jini daga gyambo sai da maganin da zai kai shi ƙarshen wa'adi, da takarda cikin Hausa mai ɗauke da sunayen ƙwayoyin da zai guje wa, da ranar dawowa gwajin Helicobacter. Gwajin bayan gida na wannan cuta ba ya bukatar babbar na'ura, kuma ya dace a same shi a Kazaure da Babura, a sa shi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar. Masu kemis su ma a koya musu tambaya ɗaya kafin su miƙa haɗin ciwon jiki: “Baba, ka taɓa yin aman jini ko baƙin bayan gida?” Idan amsar e ce, farasitamol ya wadatar, sauran kuma aikin likita ne. Ga 'ya'yan wannan yanki da ke aiki a Kano, Dutse ko Abuja, masu aika kuɗin ƙarin jini idan an kira su da tsakar dare, tambayar nan tasu ce su ma, kuma ledar ƙwayoyin da ke ƙarƙashin matashin mahaifinsu ita ce wurin fara dubawa.