A Wane Tsari Ya Kamata a Adana Muryar Shata?

Duk wanda ya gaji kaset-kaset na marigayi Alhaji Mamman Shata, ko gidan rediyon da ke da tsofaffin hirarraki a rumbunsa, idan ya tashi kwafe su zuwa kwamfuta sai ya ci karo da tambaya guda: da wane tsari za a adana sautin? Amsar da ta fi dacewa ita ce FLAC, kuma dalilin bai shafi daɗin sauraro ba.

FLAC da ALAC na kamfanin Apple da WavPack da Monkey's Audio aikinsu ɗaya ne, wato matse fayil ba tare da an zubar da komai ba. Idan aka warware su, sautin yana dawowa yadda aka ɗauke shi. Saboda haka mai cewa ɗayansu ya fi wani zaƙi, kunnensa ne ya yaudare shi. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10 a tsarin WAV, waɗannan kuwa kan rage shi zuwa rabi ko sama da haka kaɗan.

Bambancin yana wajen ɗorewa. FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, buɗaɗɗe ne tun asali, kuma a 2024 hukumar IETF ta wallafa cikakkun ƙa'idojinsa. Yana ɗauke da lambar tantancewa ta MD5, wadda da ita za a gane ko fayil ya lalace bayan shekaru ashirin a ajiye. ALAC ba shi da wannan, ko da yake Apple ya buɗe shi ga kowa a 2011, kuma ya fi sauƙin sha'ani ga masu iPhone. Manyan cibiyoyin adana tarihi suna fifita wani nau'in WAV mai suna BWF, kuma suna da hujja, sai dai su suna da wurin ajiyar da mutum ɗaya ba shi da shi.

Juyawa daga FLAC zuwa ALAC, ko akasin haka, ba ta rage sauti ko sau nawa aka yi. Abin da kan salwanta shi ne bayanan da ke manne da fayil: sunan mawaƙi, shekara, wurin da aka ɗauka. Wajibi ne a duba su bayan an juya, a kuma tabbatar manhaja ba ta sauke sautin daga bit 24 zuwa 16 ba.

Kuskure mafi muni shi ne mayar da MP3 zuwa FLAC da zaton an inganta shi. Abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan, fayil ɗin girma kawai zai ƙara. Kaset kuwa tsufa yake yi, kuma na'urorin kunna shi suna ƙarewa. Mai hankali zai kwafa sau ɗaya da kyau, ya ajiye uwar fayil a FLAC a wurare biyu, sannan ya ciri MP3 daga gare ta don turawa a WhatsApp.