Yoyon Fitsari: Alhakin Yana Wuyan Maigida

Ciwon yoyon fitsari yana cikin manyan masifun da ke addabar matan karkara a ƙasar nan. Jama'a da dama suna ɗora laifinsa a kan iskoki ko sammu, alhali kuwa likitoci sun daɗe da gano asalinsa, wato doguwar naƙuda. Idan mace ta kwana biyu a durƙushe, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina gudana, naman wurin ya mutu ya bar huji. Daga nan sai fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Yankan gishiri ma yakan huda mafitsarar.

Abin takaici, galibi jaririn ba ya zuwa da rai, sa'an nan mijin da ya hana a kai ta asibiti shi ne zai fara ƙyamarta, har ya miƙa mata takardar saki.

Ciwon nan kuwa yana warkewa. Daga shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya yi wa dubban mata ɗinki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa cibiyoyin wannan aiki a Katsina da Ningi da Abakaliki.

Saboda haka wajibi ne kowane magidanci ya ba da izinin zuwa asibiti, ya tanadi kuɗin mota tun kafin watan haihuwa ya kama. Naƙudar da ta kai yini guda ta fi ƙarfin ungozoma. Wadda kuwa ta riga ta kamu, haƙƙinta ne mijinta ya kai ta wurin likita da kansa.