Ƙofar da Manya Kaɗai Suka Sani

Wanda ya tashi a Babura, inda iyakar Nijar ta ratsa tsakanin dangi ta bar kaka a can jika a nan, ya fi kowa cancantar sanin ƙissar Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, wanda a watan Janairun 1980 hukuma ta ɗauke shi ta tsallakar da shi ƙasar Cadi bisa da'awar wai ba ɗan Nijeriya ba ne, har sai da Babbar Kotun Maiduguri ta saurari hujjoji, ta rushe umarnin, ya komo gidansa. Haka kuma a 2021 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta hukunta cewa kai Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu garin Awe da tsare shi a can, bayan an tuɓe shi, ya saɓa wa tsarin mulki.

Ƙasarmu ba ta da kotun tsarin mulki mai zaman kanta irin wadda Nijar ta kafa, wadda Shugaba Tandja ya rusa a 2009 don ta ƙi amince masa da tazarce. Abin da muke da shi sashe na 46 ne na kundin 1999, wanda ya ɗora wa Babbar Kotu nauyin da magabata suka kira raddul mazalim, wato ƙwato wa raunana haƙƙinsu daga hannun mai iko, ko da kuwa mai ikon hukuma ce da kanta.

To amma a duba waɗanda na ambata: ɗan majalisa da sarki. Ina manomin Gwiwa ko makiyayin Roni da aka kulle mako guda kan rigimar gona, alhali sashe na 35 ya wajabta a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu? Danginsa kan sayar da akuya su biya kuɗin beli, su yi hamdala, ba su san cewa ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009, waɗanda Alƙalin Alƙalai Idris Kutigi ya sa wa hannu, sun halatta wa ɗan'uwa, ko ƙungiya, ko wani mai kishi, ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare ba.

A ganina, laifin ya fi rataya a wuyanmu, mu da muka yi karatu. Malaman da ke karantar da babin hukunci a zaurukan Kazaure, da lauyoyin da wannan yanki ya haifa, da Majalisar Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976 domin marasa hali, ya kamata su fassara Babi na Huɗu na kundin, wato babin haƙƙoƙin ɗan Adam, da Hausa, da boko da ajami, a riƙa karanta shi a rediyo da bakin kasuwa ranar da take ci, a kuma faɗa wa jama'a sunan ofishin da za su nufa da takardar da za su riƙe.