Takardun bincike kan yaranmu ba kayan akwati ba ne

Jama'a, duk wanda ya san kasuwa ya san cewa ciniki ba ya tafiya sai da shaida. Mai albasa a Galmi ba ya loda buhu a mota sai an ƙidaya, mai awo a Badagishiri ba ta zuba hatsi sai mai saye yana kallon tiya. To, me ya sa in an zo maganar lafiyar 'ya'yanmu muke sakin jiki, mu bar ma'aikata da masu anketi su cika kaye da bayanan gidajenmu, su wuce Tawa da Yamai, ba mu taɓa tambayar abin da aka samu ba?

Muna wannan magana ne saboda wasu yara da kowa ya sani a unguwarsa, daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela. Yaro ne lafiyayye, ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, a kira sunansa ba ya waigowa, ba ya son haɗa ido, ƙarar injin niƙa tana firgita shi, wasa ɗaya yake maimaitawa tun safe. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammu, wasu su ɗora laifin a kan uwa. Likitoci suna kiran lalurar otizim. A kwakwalwa take tun yaro yana ƙarami, ba a ɗaukarta kamar ƙyanda, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin 127 a duniya yana da ita. Tun 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu domin tunawa da su.

Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da otizim. Abin da bincike ya nuna yana taimako shi ne koyarwa da wuri: a koya wa uwa da uba yadda za su jawo hankalin yaro cikin wasa da aikin gida, har ya iya nuna abin da yake so, ya ci abinci, ya sa riga da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da iyaye a kan haka, an kuma gwada shi a Habasha. Uwar da ba ta ji wannan labari ba, jarinta ne ke ƙarewa: yau jikka biyar wajen mai turare, gobe jikka goma wajen mai rubutu a hayin iyaka, jibi a sayar da akuya. In ta fita kasuwa, sai ta kulle yaron a ɗaki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Alhali kuwa muna da doka. Ranar 23 ga Fabrairu 2011, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Janar Salu Jibo, aka sa hannu a doka mai lamba 2011-22, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma: rahotanni, ƙididdiga, sakamakon bincike da makamantansu. Soja ne ya sa mata hannu, saboda haka kada wani ya ce mana neman takarda tsokana ce ga masu mulki. Ban da wannan, tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 31 ya ce a tattara alƙaluma a kansu, a kuma bazu su ga jama'a. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun samu tasu dokar a watan Mayu na 2011, mai ba ma'aikata kwana 7 ta ba da amsa.

In wani yana ganin takarda ba ta da wani tasiri, ga labari biyu.

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin masana, ya gama rahotonsa a 2001, sai aka jefa shi a akwati. Bai fito ba sai 2006, da jaridar Washington Post ta same shi ta buga. A 2009 kamfanin ya sasanta da jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Cikin shekarun da rahoton yake ɓoye, jita-jita ta yi kaka-gida, har a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Mu da muke bakin iyaka mun ga yadda tsoron ɗigon ya shigo garuruwanmu.

Na biyu a Ingila ya faru. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya buga bincike a kan yara 12 kacal, ya sa mutane zargin cewa rigakafin ƙyanda ne ke kawo otizim. Iyaye suka tsorata, ƙyanda ta dawo. Wani ɗan jarida, Brian Deer, ya bi diddigi, kuma a 2006 ya yi amfani da dokar neman bayanai ta ƙasarsu ya samo takardun da suka nuna an biya likitan fiye da fam dubu 400 ta hanyar lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar ƙara. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka kuma soke lasisinsa. Daga baya, a 2019, binciken da aka yi a Denmak a kan yara fiye da dubu 650 bai ga wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Takardar da aka ɓoye a Kano ta haifi tsoro, wadda aka tono a Ingila ta kashe ƙarya.

Mun san za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa da rashin tsaro sun ishi hukuma. Gaskiya ne, amma fito da kwafin rahoto ba ya cin kuɗin gidan sauro ko ɗaya. Za a kuma ce akwai sirrin marar lafiya. Wannan ma gaskiya ne, kuma muna goyon baya: sunan yaro da katinsa na iyayensa ne, ba na kasuwa ba. Jimilla muke nema.

Ga shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu asusu, irin su Mata Masu Dubara. Ku haɗu ku sa ɗanku na kwaleji ya rubuta takarda da Faransanci zuwa ga babban likitan gunduma, da mai kula da makarantun faramare, da hukumar lafiya ta jihar Tawa. A ambaci lambar dokar, a yi tambaya huɗu. Yara nawa masu jinkirin magana da irin wannan lalura aka rubuta a likitocinmu? Ma'aikata da malamai nawa aka horar a kansu, kuma ina suke aiki? Wane bincike ko purje aka ba izinin yi a kan naƙasassun yara a wannan yanki, wa ya biya kuɗinsa? Ina rahoton ƙarshe? Ku yi kwafi biyu, a buga wa naku hatimi da kwanan wata. In an hana, ku roƙi a rubuta muku dalili. In an ba ku, ku kawo gidajen rediyo mu karanta da Hausa da Tamajak da Fulatanci.

Ko da amsar ta zo cewa babu komi a rubuce, ita ma riba ce, domin da ita za a je wajen perfe a nemi a horar da ko da ma'aikaci ɗaya a kowane asibitin gunduma. Ga ma'aikata kuma, muna tuna musu cewa da harajin rumfa da na tebur ake sayen takardar da suke rubutu a kai. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da masu tsaya musu.