Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Kula da Muhalli ta NESREA kan Sinadarin Nonylphenol

Nonylphenol sinadari ne da ke fitowa daga wasu sabulan da majemu da masaƙu ke wanke fata da yadi da su. Idan ya shiga kogi yakan daɗe bai lalace ba. A jikin kifi yana kwaikwayon sinadarin halittar mace, har namiji ya fara samar da furotin na gwaiduwar ƙwai, hayayyafa ta ragu.

Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita shi a 2003, daga 2021 kuma ta ƙayyade yawan ragowar sabulun a tufafin sayarwa. A Kano, ruwan majemu na kwarara cikin Kogin Challawa, inda masunta ke neman abinci. Wajibi ne hukumar ta riƙa auna sinadarin a bakin magudanun masana'antu, ta hukunta duk wanda ya ƙetare iyaka.