Gargaɗin annoba na fasinja ne, wa ya tuna da matuƙi?

Malam Edita,

A taimaka a ba wannan wasiƙa ɗan fili a shafin masu karatu, domin tana magana ne a kan wasu ma'aikata da ba a cika tunawa da su ba idan annoba ta ɓarke, wato matuƙan jiragen sama.

Duk gwamnatin da ta fitar da sanarwa cewa kada 'yan ƙasarta su je wuri kaza sai da larura, da fasinja take. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya yanki tikitin Guangzhou yana iya ɗage tafiyarsa, ya yi odar kaya ta waya. Matuƙi kuwa jadawalin wata guda ake miƙa masa, an riga an rubuta inda zai tashi, inda zai sauka da otal ɗin da zai kwana. Sanarwar gwamnati ba ta goge sunansa daga wannan takarda. Muddin kamfani bai soke jirgin ba, ranar tafiya na zagayowa za a neme shi, kuma ƙin zuwa laifi ne a wurin aiki.

Abin da ya faru a Amurka a ƙarshen Janairun 2020 ya isa shaida. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta shawarci jama'a su guji zuwa Chaina in ba dole ba. British Airways ya dakatar da jiragensa na can tun ranar 29 ga wata, amma American Airlines ya ce na Los Anjelis kawai zai tsayar, shi ma sai 9 ga Fabrairu, na Dalas kuwa su ci gaba da tashi. Ranar 30 ga wata, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin lamarin gaggawa da ya shafi duniya, ƙungiyar matuƙan kamfanin, APA, mai mambobi kimanin 15,000, ta garzaya kotu a Dalas tana neman a tsayar da jiragen nan take. Hujjarta mai ƙarfi ce: dokar hutu ta tilasta wa duk wanda ya kai jirgi Chaina ya zauna kimanin awa 32 a ƙasa kafin ya juyo. Dokar da aka yi don kada gajiya ta halaka matuƙi, ita ce ta koma tana ɗaure shi a ƙasar da gwamnatinsa ke cewa a guje mata. Shugaban ƙungiyar, Kyaftin Eric Ferguson, bai jira hukuncin kotu ba, ya umarci mambobinsa cewa duk wanda aka sa a jirgin Chaina ya ƙi zuwa. A daren nan Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗaga gargaɗinta zuwa mataki na 4, wanda ke nufin kada kowa ya je. Washegari American, Delta da United duk suka sanar da dakatarwa.

Waɗancan suna da ƙungiya mai kuɗi da lauyoyi. Matuƙin ƙaramin kamfani da ke aikin kwantiragi, wa zai kai masa ƙara?

Wannan ja-in-ja ya girmi korona. A 2014, bayan Patrick Sawyer ya sauka a Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli, Arik Air ya daina zuwa Laberiya da Saliyo, British Airways ma ya bi sahu a watan Agusta. A Air France ma'aikatan cikin jirgi da dama suka ƙi hawa jiragen Konakiri, Firitawun da Legas, har gwamnatin Faransa ta nemi kamfanin ya dakatar da zuwa Firitawun a ƙarshen Agusta. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ba ma'aikaci damar janye jiki daga aikin da yake ganin zai jefa rayuwarsa cikin haɗari, ba tare da an hukunta shi ba, kuma wannan dama ce ta ba su bakin magana.

Sai dai tsayar da jirgi shi ma yana da nasa ɗaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta roƙo a lokacin kada a toshe hanyoyin sama, domin likitoci, magunguna da rigunan kariya ta nan suke shiga. Brussels Airlines da Royal Air Maroc sun ci gaba da zuwa sa'ad da wasu suka gudu, kuma da a ce su ma sun janye, da ƙasashen da cutar ta kama sun ƙara shiga halin ha'ula'i. Dabarar da Brussels ya yi mai sauƙi ce: ma'aikatansa suka daina kwana a ƙasashen da cutar ta kama, a sauke fasinja, a ɗauki na ɗauka, a tashi. Irin wannan hanya Delta da United suka bi da suka koma Shanghai a tsakiyar 2020, suna ya da zango a Seoul don canja matuƙa, ta yadda babu wanda zai kwana a Chaina. Ashe idan an zauna da masu aikin, ana samun hanyar da jirgi zai tashi ba tare da an sayar da lafiyar mai tuƙa shi ba.

Inda ba a zauna da su ba kuwa, a dubi Hong Kong. A Fabrairun 2021 Cathay Pacific ya shigo da wani tsari saboda dokar killacewa ta yankin: matuƙi ya yi kwana 21 yana aiki, ya yi 14 a killace a otal, sannan a ba shi 14 na hutu. Mako biyar ke nan bai ga iyalinsa ba. A kwanakin aikin ma ba shi da 'yanci, daga jirgi sai motar da aka keɓe, daga mota sai ɗakin otal, a ajiye masa abinci a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa a wuce. A wasu garuruwan katin buɗe ƙofar sau ɗaya yake aiki, wanda ya fita ba shi da hanyar komawa sai asirinsa ya tonu. A haka mutum zai yi ta kai-komo tsakanin gado da taga, agogon jikinsa a rikice, gobe kuma a damƙa masa jirgi mai ɗaruruwan tan. A Nuwambar shekarar, bayan an samu cutar a jikin matuƙan jirgin dakon kaya uku da suka kwana a Frankfurt, sai aka kwashe abokan aikinsu fiye da 100 zuwa sansanin killacewa na Penny's Bay, su ukun kuma aka kore su. A watan ne FedEx ya sanar da rufe sansanin matuƙansa na Hong Kong baki ɗaya.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A Afrilun 2020 matuƙa biyu na kamfanin Caverton suka kai ma'aikatan mai Fatakwal a jirgi mai saukar ungulu. Gwamna Nyesom Wike ya sa aka kama su bisa zargin karya dokar rufe iyakokin Jihar Ribas, kotun majistare ta tura su gidan yari. Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Hadi Sirika, ya fito ya ce da izinin Gwamnatin Tarayya suka tashi, kuma harkar jiragen sama ba ta cikin hurumin jiha. Daga baya an ba da belinsu. Mutanen nan ba su suka tsara tafiyar ba, ba su suka ba da izini ba, ba su suka kafa dokar jiha ba, amma su ne suka kwana a tsare. Gaba kura, baya sayaki: ka ƙi tashi ka rasa aiki, ka tashi ka faɗa hannun 'yan sanda.

Akwai kuma waɗanda gargaɗin ya zaunar. An rufe filin jirgin Malam Aminu Kano ga jiragen waje ranar 21 ga Maris, 2020, na Legas da Abuja suka biyo baya ranar 23, kuma jiragen ƙasa da ƙasa ba su dawo ba sai 5 ga Satumba. Jigilar alhazai, wadda kamfanoni irin su Max Air ke dogaro da ita, ta tsaya a 2020 da 2021. Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70 a watan Agustan 2020. Zaman gida ga matuƙi asara biyu ne, domin ƙa'ida ta ce sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. Wanda ya wuce wa'adin sai ya koma na'urar gwajin tuƙi, kuma yawancin matuƙan Najeriya ƙasashen waje suke zuwa nemanta, ga iyakoki a rufe a lokacin.

Roƙon mai wannan wasiƙa ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi, NAAPE, da kamfanonin jiragen shi ne su zauna tun yanzu da ake cikin lafiya, su rubuta yarjejeniya. A fayyace matakin gargaɗin da in an kai shi matuƙi zai iya cewa a cire sunansa ba tare da an taɓa albashinsa ko girmansa ba. An taɓa yin haka a 2016, lokacin cutar Zika, da Lufthansa da Air France suka bar ma'aikatan da ke da fargaba su kauce wa ƙasashen da abin ya shafa. A kuma rubuta wanda zai biya kuɗin killacewa da na asibiti idan ma'aikaci ya kamu a wata ƙasa, a tabbatar izinin Abuja ya wadatar a kowace jiha.

Malam Edita, zai yi kyau jaridarku ta tura wakili filin jirgin Kano ko na Abuja, ya zauna da waɗanda suka yi jigilar kwaso 'yan Najeriya da suka maƙale a waje a 2020, ya tambaye su ko an nemi yardarsu kafin a sa sunayensu, da kuma abin da aka tanadar musu da sun dawo da cutar.

Wassalam,
Wani mai karatu, daga Kano