Kafin ka sayi ampili, ka tausaya wa kunnenka

Ranar kasuwar da ta wuce na biya rumfar wani ƙanena a Dan Issa, ɗaya daga cikin samarin nan masu tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai daga kwamfuta zuwa katin waya. Na yi masa sallama har sau uku bai amsa ba, sai da na dafa kafaɗarsa. Da ya cire abin sauraren daga kansa, ni da nake tsaye gefe ina jin kiɗan raɗau kamar an kunna rediyo. Ya ce, “Yaya, gara da ka zo. Kai da kake aikin rediyo, wane ampili zan saya? Wannan kas ɗin ba shi da ƙarfi.”

Tambayarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na san ba shi kaɗai ba ne, kuma da yawa daga cikinku masu karatu ku ne kuke sayar da waɗannan kaya daga Maradi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela. A nan muna cewa kas ko ekutar, ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka su ce hedifon ko iyafis, ampili kuwa su ce amfilifaya. Ra’ayina dai shi ne, duk mai son jin daɗin kiɗa a kwamfuta, ampili ne abu na ƙarshe da ya kamata ya kashe wa kuɗi, kuma yawancin mutane ba su ma bukatarsa.

Aikin ampili guda ne, ƙara ƙarfin abin da aka ba shi. In ka ba shi sauti mai tsabta ya ƙara, in ka ba shi mai datti ya ƙara dattin. Saboda haka a fara duba waƙar kanta. Waƙar da ke kan faifan CD tana cin wajen megabait 10 a kowane minti. In aka matse ta zuwa MP3 mai lamba 128, sai ta koma wajen megabait 1 a minti, kuma abin da aka zubar wurin matsewar ya tafi ke nan. Mai lamba 320 ta fi riƙe daɗin sautin. Waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ana sake matse ta, ko ampilin miliyan ka sa mata ba za ta gyaru ba.

Na biyu, a duba kwamfutar. Da yawa kan ji wani gurnani ko tsuwwa a cikin kas, su ɗora laifin a kansa. Ka zare cajar kwamfutar daga kuran, ta koma kan batir. In ƙarar ta ɗauke, to matsalar ta wuta ce ko ta caja. In kuma ramin da ake soka kas ɗin ne ya gaji, akwai ɗan ƙaramin katin sauti da ake sokawa a ramin USB, wanda kuɗinsa bai kai na ampili ba, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa.

Na uku shi ne kas ɗin. A jikin kwali ko takardarsa akwai lamba da ake kira om, wadda ke nuna yadda yake tauye wutar da ke shigarsa. Ƙananan ekutar na waya galibi om 16 zuwa 32 ne, kowace kwamfuta tana iya tuƙa su. Sony MDR-7506, wanda gidajen rediyo da yawa a duniya ke aiki da shi tun 1991, om 63 ne, shi ma ba ya wahalar da kwamfuta. Amma akwai irin su Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 da ake yi kala uku, 32 da 80 da 250. Mai 250 ko 300 in ka soka shi kai tsaye a ƙaramar kwamfuta, kana iya jin sautin ya yi sanyi. Nan ne ampilin kas yake da amfani, kuma ban hana mai irin wannan ya saya ba. Sai dai a kula, ampilin kas daban, na manyan bafal da ake kiran masu saye da su daban. Kar a haɗa kas da wayoyin bafal, ana iya ƙona shi, a kuma yi wa kunne lahani.

Da na duba kas ɗin ƙanena, om 32 ne, lafiyarsa lau. Abin da ke damunsa hayaniyar kasuwa ce: ga injin wuta a bayansa, ga kabu-kabu, ga lasifikar maƙwabci. Sosonsa ya mutu, ba ya rufe kunne, shi ya sa yake ta murɗa ƙara don ya danne hayaniya. Maganinsa kas mai rufe kunne ruf, ko ma sabon soso kawai.

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. A cikin kunne akwai wasu ƴan mitsi-mitsin gashi da ke kama sauti, waɗanda in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa wajen biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren ƙara fiye da kima. Ma’aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. In ƙarar ta kai desibel 90, awa 4 kacal ne a mako duka. Wanda ke zama rumfa daga safe har magariba da kas a ka, sai ya yi lissafi da kansa. Ni ma ban tsira ba. Shekarun da na yi ina haɗa shirye-shirye da ƙara a sama sun bar mini wata ƴar tsuwwa a kunnen hagu, wadda nake ji duk dare in gari ya yi tsit.

Na san wani Alhajin zai ce, “Malam, mu ciniki muka fito, wanda ya zo da kuɗinsa ya nemi ampili sai mu hana shi?” Ba na ce a hana ba, Alhaji. Cewa na yi a tambaye shi wane irin kas gare shi, a bar shi ya gwada da waƙar da ya sani, kuma a daina yi masa talla da dubban wat ɗin nan da ake bugawa a kwali da harufan PMPO, alhali lambar da ake dogara da ita ita ce ta RMS. In kayan kwaikwayo ne mai ɗauke da sunan babban kamfani, a faɗa masa, a sayar masa a kuɗin kwaikwayo. Ribar ampili ɗaya ta yini ɗaya ce, amma wanda ka faɗa wa gaskiya zai dawo, har ya jawo abokansa.

Ku kuma samari masu turi, kar ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma ku riƙa cire kas ɗin kuna hutar da kunne. In wanda ke tsaye gabanka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, to ka rage. Ɗan kasuwa da kunne yake jin tayi, da shi yake bambance jaka biyar da jaka goma sha biyar. Ƙanena dai ya fasa sayen ampili, ya sayi soso, sauran kuɗin ya ƙara katunan waya a rumfa.